RAƁAR DA TA ƘI BUSHEWA

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Magana ce mai hikima a zamanin da aka yi ta, lokacin da falke kan sauka a zango ya kwana biyu, ya shayar da jakunansa, gari na wayewa ya ɗaura kaya ya yi gaba. Amma akwai 'yan'uwanmu da dama a Obiagu ta birnin Inugu, da unguwannin Hausawa na Anacha da Fatakwal, waɗanda suka riƙe wannan karin magana tamkar wahayi, alhali kuwa wasunsu a can aka yanke musu cibiya, a can suka yi aure, a can suka binne iyayensu. Mutum ya shekara arba'in a gari, gemunsa ya yi fari a cikinsa, amma in ka tambaye shi sai ya ce ci-rani ya zo. Wace irin raɓa ce wannan da rana ta fito mata fiye da sau dubu goma sha huɗu, amma ta ƙi bushewa?

Abin da nake son in faɗa, ko da zai yi wa wasu ɗaci, shi ne zaman ƙafa ɗaya ciki, ƙafa ɗaya waje, cuta ne ga mai yin sa, kuma zalunci ne ga 'ya'yansa. Masu irin wannan zama sukan fake da abubuwa uku: tarihin kakanni, da waƙoƙin gida, da addini. To, in aka zauna aka saurari waɗannan ukun da kunnen basira, za a tarar su ne shaidun farko da za su kayar da mai fakewa da su a gaban alƙali.

Bari mu fara da tarihi. Inugu ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina. Gawayin ƙasa da aka gano a tsaunukan Udi a 1909 shi ya haife shi, jirgin ƙasa da ya haɗa shi da Fatakwal a 1916 shi ya raine shi. Ita kanta Fatakwal Turawa ne suka kafa tasharta don fitar da wannan gawayi. Ashe ke nan kusan kowa a waɗannan birane zuwa ya yi: Ibo daga ƙauyukansa, Bayarabe daga yamma, Bahaushe da Bafillace da Banufe daga arewa, kowa da abin da ya kawo shi. Namu sun zo da shanu da wake da albasa da kilishi, har Ibo suka raɗa wa goron da muke ci sunan goron Hausa don su bambanta shi da nasu. Wanda kakansa ya sauka a gari tun garin na rarrafe, da wane baki zai ce shi ba shi da rabo a cikin gyaransa?

Ga kuma Malam Umaru Altine, Bafillace daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Fataucin shanu ne ya kai Altine Inugu. Da ya isa, bai naɗe tabarmarsa a lungun zango yana lissafin ranar komawa ba. Ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dakta Nnamdi Azikiwe, ya shugabanci reshen matasanta na garin, ya auri 'yar ƙabilar Ibo. Da aka ɗaga darajar Inugu ta zama birni mai majalisar kansa a 1956, wannan Musulmi ɗan Arewa shi ne ya zama magajin garinta na farko, da goyon bayan mutanen da mafi yawansu ba su yin salla, ba su kuma jin Fillanci. Yau duk lokacin da gardama ta tashi tsakanin Arewa da Kudu sai ka ji an jawo sunansa ana bugun ƙirji da shi. Amma mutum nawa ne cikin masu bugun ƙirjin suka tambayi kansu abin da ya yi har aka amince masa? Mutane ba su miƙa ragamar garinsu ga wanda bai san damuwarsu ba, wanda bai taɓa zama a taronsu ba. Mun ɗauki sunan mun rataya a bango, mun bar halin a ƙasa.

Haka abin yake in aka waiwayi zangon Gwanja. Malam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya bi fatake zuwa Salga, daga baya ya zauna a Karaki ta ƙasar Gana ta yanzu har ya rasu a 1934. A can ya yi limanci, a can ya karantar, a can ya rubuta waƙoƙinsa da tarihin da masana ke amfani da shi har yau. Da ya zauna jiran ranar komawa Kano kafin ya buɗe makaranta, da babu wanda ya san sunansa. Waiwaye adon tafiya ne, gaskiya, amma wanda ya mayar da waiwaye ya zama tafiyar tasa duka, rami zai faɗa.

Sai waƙa. Duk wanda ya taɓa shiga unguwar Hausawa a Kudu ya san yadda muryar Alhaji Mamman Shata da kuntigin Ɗanmaraya Jos ke tashi daga teburin mai shayi da rumfar mai tsire, da can a faifai da kaset, yanzu a wayar hannu. Babu laifi mutum ya ji kalangu zuciyarsa ta tuna masa da gida. Laifin shi ne a mayar da waƙa ta zama ƙwayar sa barci. Ɗanmaraya, wanda ya rasu a 2015, ya shafe rayuwarsa yana yi wa talaka waƙa, ya ɗauki karen mota, wanda ba a ko kallonsa, ya sa duniya ta san wahalarsa da darajar guminsa. Ya yi faɗa a kan zaman aure da gulma da cin amana. Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, ya wasa manoma da direbobi da 'yan kasuwa saboda abin da hannunsu ya aikata. Mai saurare da hankali zai fita daga waƙar da tambaya: ni me na iya, me zan ƙara a kan sana'ata? Amma sai ka ga saurayi ya haddace kirarin attajirai goma na Kano, shekara goma yana tura baro ɗaya a kasuwa ɗaya, bai yi adashi ba, bai koyi karatu ba, bai ko iya ciniki da harshen masu sayen kayansa ba. Wannan bai ji waƙa ba, ƙarar ganga kawai ya ji.

Mu ɗalibai da malaman Hausa mun fi kowa sanin Malam Sa'adu Zungur, muna haddace baitocinsa don jarrabawa. Nawa ne cikinmu suka tuna cewa mutumin nan ya bar Bauci ya tafi Ikko a ƙarshen shekarun 1940 ya riƙe sakatarcin NCNC na ƙasa? Mawaƙin da ke kuka da jahilci da lalaci bai tsaya a baiti ba, ya fita ya cuɗanya da waɗanda ba harshensu ɗaya ba don ya ga yadda duniya ke tafiya.

Addini shi ne mafakar ƙarshe, kuma a nan ne hujjar masu zaman ɗar-ɗar ta fi rauni. Ana cewa ai ƙasar ba ta Musulmi ba ce, don haka babu ruwanmu da al'amuranta. Shin an manta da hijirar farko? A shekara ta biyar da aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura sahabbansa Habasha, ƙasar sarki Kirista, saboda adalcin sarkin. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya zauna a can fiye da shekara goma, bai dawo ba sai lokacin Haibara. Littattafan sira sun ruwaito cewa da wani ya tayar wa Najjashi, Musulmin nan sun shiga damuwa, suna roƙon Allah ya ba mai masaukinsu nasara, har Zubairu ɗan Awwam ya ƙetare kogi don ya gano musu yadda yaƙin ya ƙare. Annabi Yusufu, alaihis salam, a matsayin bawa ya shiga Masar, amma shi ne ya nemi a ɗora masa kula da rumbunan ƙasar, ya ceci mutanenta daga yunwa. Haƙƙin maƙwabci a Musulunci ba a gindaya masa sharaɗin addini ko ƙabila ba. Kwatar da ta toshe a ƙofar masallaci, da mudun da aka buga wa gindi, da naman da ya kwana aka yayyafa masa yaji aka sayar, su ne wa'azin da maƙwabci ke ji kullum, sun fi lasifika ƙara.

Akwai ma wani abin kunya da ba mu son ambata. Akwai Musulmi 'yan asalin ƙasar Ibo, a yankin Nsukka da kuma Enohia ta Afikpo, inda Shehu Ibrahim Nwagui, almajirin Shehu Ibrahim Inyas, ya kafa jama'arsa a shekarun 1950. Waɗannan bayin Allah suna shan gori daga danginsu cewa sun zama Hausawa. Mu kuma in sun shigo sahunmu sai mu riƙa yi musu kallon tubabbu, wani ma ya kira su da sunan nan na raini da muka laƙaba wa ƙabilarsu. Idan addini ne ya hana mu sakin jiki da mutanen gari, me ya hana mu sakin jiki da waɗanda muke fuskantar alƙibla ɗaya da su? Gaskiyar magana, ƙabilanci ne ya ari rawani ya naɗa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce ka manta da 1966, lokacin da aka kashe Ibo a garuruwan Arewa, namu na Gabas su ma suka tsere, wasu ba su kai gida ba? Ka manta da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970? Ka manta da watan Fabrairu na 2006, da aka yi tarzoma a Maiduguri kan zanen ɓatancin da aka buga a Denmak, kwanaki kaɗan bayan haka aka huce a kan 'yan Arewa a Anacha? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Za a kuma ce ko ka haifi ɗa a Obiagu, ranar da ya nemi takardar shaidar zama ɗan asalin jiha, can Arewa za a tura shi, inda wataƙila dagacin ƙauyen kakansa bai taɓa ganinsa ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma tabo ne a fuskar Nijeriya cewa ana iya haifar mutum a gari ya mutu baƙo a cikinsa.

Amma a dubi abin da kyau. Ranar tashin hankali, wa ya fi zama cikin haɗari: wanda maƙwabtansa suka san sunansa, suka san 'ya'yansa a makaranta ɗaya da nasu, wanda ke jin abin da ake faɗa a titi tun kafin wuta ta kama, ko kuwa wanda shekara da shekaru ba a san shi da wani suna ba sai “aboki”? Kalmar nan mai daɗi ta zama abin ba'a a bakin wasu mutanen Kudu, laifinsu ne babu shakka, amma wanda ya ƙi bari a san shi ya taimaka wajen mayar da kansa inuwa marar fuska. Keɓewa ba ta taɓa zama garkuwa ba. Shi kuwa yaron da aka hana shi makarantar boko a Inugu da sunan za a koma gida, aka kuma ƙi komawar, an yi masa biyu babu: bai iya gogayya da tsaransa na Kudu ba, bai san hanyar gonar kakansa ta Arewa ba.

Kada mu da ke zaune a gida, cikin inuwar jami'a, mu ɗauka wankin na wasu ne kawai. A watan Yuni na 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa sun tsaya a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa. Da yawa daga masu tafa musu ba su tuna da mai shayin Fatakwal ko mai albasar Anacha ba, wanda shi ne zai fara biyan bashin da bai ci ba. Duk kalmar da muka jefa daga Kano ko Zariya, a kan wani take sauka a can ƙetaren Binuwai. Kuma yadda muke ɗaukar Ibon Sabon Gari, wanda shi ma a nan aka haife shi, ita ce hujjar da muke miƙa wa masu ɗaukar namu a matsayin baƙi.

Gyaran ba ya bukatar babban taro ko doguwar takarda. A cikin ƙananan zaɓuɓɓukan yau da kullum yake. Uba ya kai 'yarsa da ɗansa makaranta da safe, allo da yamma, a garin da yake ci yake sha. Saurayi ya koyi gaisuwa da ciniki da harshen mutanen gari, domin wanda ya ji harshen mutane ya tsira daga rabin sharrinsu, ya kuma sami rabin alherinsu. Ɗan kasuwa ya yi rajistar zaɓe inda yake biyan haraji, ya halarci taron unguwa, ya cika mudu. Sarkin Hausawa da limamai su daina ɗaukar aikinsu a matsayin raba gardama da karɓar baƙi kaɗai, su tambayi yara nawa ne a unguwarsu suka gama sakandare bana. Mu kuma masu nazarin harshe da adabi mu daina yi wa Hausar zango dariya, mu je mu rubuta tarihin waɗannan unguwanni tun dattawan da suka ga zamanin Altine ba su ƙare ba.

Son gida halal ne, babu mai cewa a manta da Sakkwato ko Daura. Amma mutum ba ya girma a garin da yake mafarki, a garin da yake farkawa yake girma. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba mu ikon jin gaskiya ko daga bakin wa ta fito, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.