Fashin jirgin sama: ko a miƙa, ko a hukunta

Sau biyu cikin shekara huɗu Nijar ta ga bala'in jirgin sama a ƙasarta, alhali ba ta da hannu cikin rigingimun da suka haddasa shi. Ranar 19 ga Satumba 1989, jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Barazabil, ya yada zango a Njamena, ya tarwatse a sararin Tenere bisa hanyarsa ta zuwa Paris. Mutum 170 ne a ciki, ba wanda ya tsira. Ranar 25 ga Oktoba 1993 kuma, samari huɗu suka karkatar da jirgin Nigeria Airways da ya tashi daga Legas zuwa Abuja, suka sauke shi a Yamai, suna neman gwamnatin riƙon ƙwarya ta Shonekan ta sauka, a bai wa Abiola mulkin da ya ci a zaɓen 12 ga Yuni.

Da yawa sun tausaya wa samarin nan, domin soke zaɓen da Babangida ya yi zalunci ne wanda kowa ya shaida. Amma fasinjan da aka tsare cikin jirgi ba shi ya soke zaɓe ba. Bayan kwana uku jami'an tsaron Nijar suka kutsa cikin jirgin, rai ɗaya ya salwanta daga cikin ma'aikatansa, samarin suka share shekaru a gidan kaso. Wata ɗaya bai cika ba Janar Abaca ya karɓe mulki, Abiola kuwa ya rasu a tsare a 1998. Demokaraɗiyya ba ta ci ribar ko dala ba.

Dokar duniya ta riga ta yanke magana. Yarjejeniyar Tokiyo ta 1963 ta ba ƙasar da jirgi ke da rajistarta ikon hukunta laifin da aka aikata cikinsa. Ta birnin Lahay ta 1970 ta wajabta wa kowace ƙasa ta saka fashin jirgi cikin manyan laifuffuka masu horo mai tsanani, ta kuma kafa ƙa'idar da ita ce ƙashin bayan al'amarin: ƙasar da ta kama ɗan fashin jirgi, ko ta miƙa shi ga mai nemansa, ko ta kai maganarsa gaban masu shari'arta, ba hanya ta uku. Ta Mantareyal ta 1971 ta haɗa da ɗana bam da ɓarnata jirgi. A 2010 kuma, a Bejin, aka ƙara da mai da jirgi makami, da barazanar aikata hakan, aka kuma hana fakewa da siyasa don ƙin miƙa mai laifi. Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da ukun farko.

Sai dai sa hannu daban, cika alkawari daban. Shari'ar Tenere a Paris aka yi ta, a 1999, shekara goma bayan kisan, inda aka yanke wa ƴan Libiya shida ɗaurin rai da rai, cikinsu har da Abdallah Sanusi, surukin Gaddafi. Hukuncin bayan ido ne, domin Libiya ta ƙi miƙa mutanenta. A 2004 aka amince da diyyar dala miliyan 170, miliyan ɗaya kan kowane rai. Kuɗi sun shiga, amma iyalan mamatan ba su ga masu laifin tsaye gaban alƙali ba. Idan laifin na gwamnati ne, ƙa'idar Lahay da Mantareyal tana komawa takarda.

Saboda haka nauyi biyu ne bisa hukuma. Na fari, majalisa ta riƙa daidaita kundin hukunta laifuffuka da sababbin yarjejeniyoyi, a kuma samu alƙalai da suka san wannan fanni, yadda duk wanda aka kama za a yi masa shari'a cikin lokaci, da lauyansa, a bainar jama'a. Tsarewa ba shari'a ba ce, ko da laifin a fili yake. Na biyu, a ɗauki sakacin ma'aikaci a bakin binciken kaya a matsayin laifin da kotu ke hukuntawa, ba wanda sauyin wurin aiki ke shafewa ba.

Talakawa ma da nasu. Bam ɗin Tenere cikin akwati aka saka shi tun daga Barazabil. Ɗan kasuwar da ke hanyar Dubai, da alhajin da ke hanyar Jidda, sun saba karɓar saƙo a ƙofar filin jirgi don kunya ko zumunci, ba tare da sun kwance shi ba. Wanda ya ɗauki kayan da bai san cikinsu ba, rayukan ɗaruruwan mutane ya saka cikin caca, shi ne kuma na farko da za a tuhuma. Rigakafi ya fi magani, balle a inda ba a tsayawa gefen hanya a gyara.