Kunnen da ke jin farashi

Ƴan uwa, wani sabon zance ya shigo fadodinmu, musamman wajen samarin da ke da ɗan situdiyo a ɗaki da masu kai kayan kiɗa gidajen biki. Wai idan ka cire wayar kuran ta amplinka, wato igiyar nan ta mita biyu da ke tashi daga bango ta shiga bayan na'ura, ka sa mai tsada, sauti zai "buɗe". Ku lura, ba wayar mikro ake nufi ba, ba kuma wadda ke zuwa baful ba. Wayar wuta kurum. Ni dai na ce wannan cin kuɗin mutane ne da rana tsaka, kuma zan faɗi dalilina.

Ba a nan anka haifi zancen ba. A Amurka da Turai da Japan akwai masu kuɗi da sunka mai da sauraren kiɗa kamar ibada, kuma akwai kamfanoni irin su Nordost da AudioQuest da Shunyata da ke sayar musu da wayoyin kuran. Wasu sun haura dalar Amurka dubu goma. Dalar Amurka fa na ce, ba dalarmu ta tamma biyar ba: sama da miliyan biyar na sefa a kan igiya guda. Mu abin da ke iso mana shi ne ɓurɓushin zancen, ta bidiyon YouTube, da kuma ɗan kasuwa mai wayo da ya samo waya mai kauri, mai saƙaƙƙiyar riga da kai ruwan zinari, ya ninka mata kuɗi.

To mu bi kuran ɗin mu ga daga ina ya fito. Kaso mai yawa na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa. Na Yamai yana biyowa ta Birnin Kebbi, na Maraɗi da Damagaram ta Katsina da Gazawa. Wanda ya manta, watan Agusta na 2023 ya tuna masa, lokacin da anka yanke layin. Wutar nan ta yi ɗaruruwan kilomita a kan wayoyin da rana da ƙura ke duka, ta ratsa transfo bayan transfo, ta shiga unguwa, ta bi wayar da mai gidan haya ya sa a bango a kan mafi arha da ya samu. Sai a mita biyu na ƙarshe ne za a yi mata wankan tsarki?

Masu sayarwa suna da amsa, kuma na san ta. Suna cewa ai ba mita na ƙarshe ba ne, a wajen ampli shi ne mita na farko. Magana ce mai daɗin ji, amma juya jimla ba ya canza lissafi. Wayar tagulla ta yau da kullum, mai kaurin milimita murabba'i 1,5, idan tsawonta mita biyu ne kuma ampli yana jan ampiya 2, abin da ke ɓacewa a cikinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na bolt guda ba. Cikin bolt 220! Alhali kowa ya san yadda kuran ke yi a watan Afrilu da dare, lokacin da kowace fanka da kowane firijin gari ke aiki, har kwan fitila ya yi ja. Kana rigima a kan ƙwayar gero, buhu yana zuba a bayanka.

Bayan haka, ampli ba ya kaɗa kiɗa da kuran ɗin bango yadda ya zo. Na bango yana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Da ya shiga na'ura sai a rage shi, a miƙar da shi ya zama mai tafiya hanya guda, a tara shi cikin manyan kondansater, kamar yadda ake tara ruwa a randa a bar shi ya kwanta. Daga randar nan sauti ke sha. Idan ana buƙatar matata don tare dattin da ke cikin layi, injiniyoyi sun san yadda ake gina ta, kuma ana iya auna aikinta. Waya dai hanya ce, ba matata ba.

Za ku ce, to mutanen da ke rantsuwa sun ji bambanci fa, duk ƙarya suke? A'a. Nan ne karatunmu na ilimin harshe ke da abin cewa. A 1976 Harry McGurk da John MacDonald sun nuna wani abu da har gobe ake koya wa ɗalibai: a sa maka muryar mutum yana cewa "ba", a haɗa da hoton bakin da ke cewa "ga", sai mafi yawan mutane su ji "da". Ka rufe ido, "ba" ta dawo. Kunne bai canza ba, sautin bai canza ba, ido ne ya sa baki cikin maganar. Idan ido zai iya canza maka baƙi guda, me zai hana farashi ya canza maka ɗanɗanon kiɗa? Wanda ya zuba kuɗin bursinsa a kan waya, ya durƙusa ya sa ta da hannunsa, ya zauna yana jira, wallahi zai ji wani abu. Da gaske zai ji. Amma a kansa abin yake.

Shi ya sa ake yin gwaji a makance. A 2004 mujallar Secrets of Home Theater and High Fidelity ta tara masu sauraro a Kalifoniya, ta gwada musu wayoyin Nordost Valhalla da wayoyi na gama-gari ba tare da sun ga wadda ke aiki ba. Amsoshin da sunka dace kusan rabi ne, wato abin da za ka samu idan ka jefa kwabo sama kana canka.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne kalmomin. Ku saurari tallar da kyau: sauti ya yi "ɗumi", ya samu "iska", "labule ya yaye", shirun da ke tsakanin kiɗa ya ƙara "baƙi". Duk aro ne daga fata da ido, babu ɗaya da za ka ɗora a kan ma'auni. Kalmar da ba a iya aunawa ba a iya ƙaryata ta, kuma amfaninta ke nan ga mai sayarwa. In ka ce ba ka ji ba, sai a ce kunnenka bai goge ba, ko baful ɗinka ne na talakawa. Har cewa suke waya sai ta yi kwanaki tana aiki kafin ta "nuna", kamar mangwaro. Ta haka duk wanda ya musa ya zama bagidaje, kuma wane saurayi ne ke son a kira shi bagidaje a gaban fada?

Kada wani ya ɗauki maganata ya je ya sayi kowace tarkace. Akwai muguwar waya, kuma ita ce matsalarmu ta gaskiya a nan. Kasuwanninmu cike suke da waya mai roba jibgi, cikinta ƴan siraran zare, wani lokaci ma alminiyam ne anka shafa wa launin tagulla. Irin wannan tana zafi, tana narkewa, tana iya tayar da gobara. Ka kankare bakin zaren da reza, in ka ga fari a ciki ka ajiye ta. Ka nemi tagulla ta gaske mai kauri daidai da na'urarka, mai kai da ke kama bango gam, mai ƙafa ta uku da ke zuwa ƙasa, kuma ka tabbata gidan ma an yi masa haɗin ƙasan. Wannan ba ya cin dukiya. In baful yana gurnani, yawanci haɗin ƙasa ne, ko kuma ka nannaɗe wayar mikro da ta wuta wuri guda. Raba su kyauta ne. Sauran kuɗin ka sa a regilater da zai tsare maka ampli ranar da kuran ya dawo da ƙarfi, ko mikro mai kyau, ko ka rataya barguna da katifu a bangon situdiyo. Waɗannan kam ko kakarka ta shigo za ta ji bambanci.

Wanda har yanzu ya tsaya a kan cewa kunnensa na ji, ga goron gayyata. Ya kawo wayarsa, mu kawo ta gama-gari mai lafiya. Mu rufe bayan ampli da zane, kada kowa ya taɓa maɓallin ƙara. Mutum ɗaya zai jefa kwabo ya zaɓi wayar da za a sa, ya rubuta a takarda, ya fita daga ɗakin don kada fuskarsa ta ba da amsa. Waƙa guda, sau ashirin. In ya canka goma sha bakwai, shayi da sukarin fada na wata guda a wuyana.