Yawon ƙarshen shekara: a auna tafiyar da ƙafar tsoho da ta yaro



Tun da aka kawo shawarar fita yawon shaƙatawa na ƙarshen shekara da iyalanmu, har da kwana guda a tanti, muhawara ta ƙi ƙarewa a zaurenmu na WhatsApp. Matasa na son wurin da ke da manyan liluka, irin Hi-Impact Planet da ke kan babbar hanyar Legas zuwa Ibadan ko Omu Resort da ke ɓangaren Ibeju-Lekki. Wasu kuma bakin teku suke so. Duk wannan ba laifi ba ne. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne maganar da ta fara samun magoya baya, wai a bar kakanni a gida don za su rage wa tafiyar armashi.

Ra'ayinmu shi ne a tafi da su. Kuma a tsara komai, daga lokacin tashi har wurin kwana, bisa ƙarfin dattijo mai shekara 70 da yaro mai shekara 4. Saurayi ko a kan tabarma ya kwana zai tashi garau. Su kuwa waɗannan biyun, ƙaramin sakaci ne zai mayar mana da yawo zaman jinya.

Me ya sa muka dage? Mu dubi 'ya'yanmu da aka haifa a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende. Da yawansu Turancin buroka da Yarbanci sun fi zama a bakinsu fiye da Hausa. Safe makaranta, yamma Islamiyya, dare waya. Kakan da ke gida ɗaya da su ma gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Wasan jika da kaka, inda tsohuwa ke kiran jikanta mai gida, tsoho ke tsokanar jikarsa da amarya, yana neman ɓacewa a gidajen haya masu ɗaki ɗaya ko biyu. Dare guda a fili, babu talabijin, babu hayaniyar janareton maƙwabta, yara sun kewaye kakarsu tana ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, ya fi mana kowane lilo daraja. Lilo kuɗi ne ke sayensa, ko baɗi yana nan. Tsohuwar ce ba mu da tabbacin baɗi za ta same ta.

Idan mun yarda da haka, ga abin da muke ganin ya kamata kwamiti ya riƙe.

Na farko, lokaci da hanya. Disamba da Janairu rani ne a Legas, don haka fargabar ruwan sama kaɗan ce, ba kamar Yuni da Yuli ba. Amma Disamba watan gosulo ne, musamman hanyar Lekki zuwa Epe da mafitar Legas ta wajen Berger. Tsoho mai ciwon suga ko mai yawan fitsari ba zai jure awa uku a cikin bas ba. A guji ranakun Kirsimeti da jajibirin sabuwar shekara, a tashi da an idar da sallar Asuba, a kuma sanya wurin tsayawa a hanya tun kafin a tashi. Ga waɗanda mota ke wahalarwa, jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da ya fara aiki a 2021 yana da tasha a Agege, yana tsayawa a Abeokuta. Wannan ma zaɓi ne idan aka karkata ga Dutsen Olumo ko lambun Agodi na Ibadan.

Na biyu, wurin kwana. Tanti na matasa ne da yaran da suka tasa, maza daban, mata daban. Dattawa da masu goyo a kama musu ɗaki mai banɗaki kusa da inda aka kafa tantunan. Mai ciwon gwiwa ba ya tashi daga ƙasa cikin sauƙi, balle ya lalubi bayi cikin duhu da ƙarfe biyun dare. Ba kowane wurin wasa ne ke barin a kwana a cikinsa ba, saboda haka a tura mutum biyu su je su gani da idonsu. Su duba ruwan alwala, wurin sallah, inuwa, matakala, tsaro da asibiti mafi kusa. Hoton intanet ba ya nuna ƙazantar banɗaki.

Na uku, lafiya. Kowane dattijo ya zo da maganinsa na hawan jini ko na suga, a rubuta sunan maganin da lokacin shansa, a ba wani jikansa babba ya riƙe. Gidan sauro wajibi ne, domin sauron Legas ba ya hutun rani. A tanadi ruwan sha wadatacce da sinadarin gishiri da sukari saboda gudawa. Sannan gargaɗi babba: kada a shigar da kurfoti mai garwashi cikin tanti, kada a ajiye janareto a bakinsa. Iskar gubar da suke fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kashewa, kuma mun sha jin yadda ta hallaka iyali guda a ɗaki. Kowa ya ajiye lambobin agajin gaggawa na Legas, 112 da 767, a wayarsa.

Na huɗu, wasan kansa. Liluka masu gudu suna da ƙa'idar tsawon yaro, kuma ana gargaɗin masu ciwon zuciya, masu hawan jini da mata masu juna biyu. Kada a roƙi ma'aikaci ya ɗaga ƙafa don yaro na kuka. Gadar sama ta Lekki Conservation Centre, mai tsawon mita 401, tana lilo da mutum, ba ta tsoho ko ƙaramin yaro ba ce, amma akwai hanyar katako a ƙasa inda za su ga birai hankali kwance. In bakin teku aka zaɓa, igiyar ruwan Atlantika tana da ja, babu yaron da zai taɓa ruwa sai hannunsa na cikin na babba. A raba yara rukuni-rukuni, kowane babba da uku ko huɗu da ya san sunayensu, a rubuta lambar wayar uba a ɗaura wa yaro a hannu. Daga Azahar zuwa La'asar kowa ya huta a inuwa.

Mun san za a ce ɗakuna za su ƙara kuɗi. Gaskiya ne. To a soke rigunan anko da hayar mai kiɗa, a zuba kuɗin a nan. In bai isa ba, gara a zaɓi wuri mafi kusa kuma mafi araha da a rage mutum ɗaya daga cikin iyayenmu.

Wasu kuma sun ce tsofaffin ma ba za su yarda su je ba. An tambaye su? Dattijo ba a gayyatarsa da saƙon waya. A taka har gida, a durƙusa a gaishe shi, a ce Baba, jikokinka ne ke son ka raka su. Wanda ya ce ba zai iya ba, an fita hakkinsa. Zumunci dai a ƙafa yake.

Muna roƙon kowane magidanci ya kawo sunayen dattawan gidansa da abin da lafiyarsu ke buƙata kafin zama na gaba, domin da wannan jerin za a zaɓi wuri.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, Ya raya mana zuri'a, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya. Amin.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya