Sirinji a Aljihun Tebur: Wani Ke Ɗebowa, Bakin Wani Ke Ƙonewa

A watan Disambar 2014, a wani ƙaramin gari mai suna Fort Plain da ke jihar New York ta Amurka, wani yaro da bai cika shekara biyu da haihuwa ba ya kai hannu ga kwalbar ruwan nikotin, irin wanda ake ɗura wa sigarin lantarki, ya kurɓa. Aka garzaya da shi asibiti, amma rai ya yi halinsa. Shi ne yaro na farko da aka tabbatar wannan ruwa ya kashe a Amurka.

Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A sha'anin ruwan sigarin lantarki, karin maganar ba ta cika ba. Babba ne ke sayen kwalbar, shi ke zuƙo ruwan da sirinji ya ɗura a na'urarsa, amma sau da yawa yaron da ke rarrafe a tsakar ɗaki, ko mai tonon bola a bayan layi, shi ke kwasar zafin. Ra'ayina shi ne: duk inda aka bar mutum yana ɗura guba da allura a kan teburin ɗakinsa, an ɗauko aikin masana'anta ne an ɗora masa, ba tare da an haɗa shi da kayan kariyar masana'anta ba. Gyaran gaskiya yana hannun masu ƙera kwalbar da masu kafa doka. Kafin gyaran ya iso, wajibi ne mai sirinji ya san abin da ke hannunsa.

Yadda sirinji ya shigo cikin lamarin

Wani masanin harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani a 2003. Mashayin taba ne, kuma kansar huhu ce ta kashe mahaifinsa. Na'urar ba ta ƙona ganye. Batir ne ke ɗumama wani ruwa har ya zama tururi, mai sha ya zuƙa. Ruwan kuwa haɗi ne na furofilin gilaikol da gilisarin da kayan ƙamshi da nikotin.

Na'urorin farko da suka isa Turai da Amurka wajen 2006 zuwa 2007 siffar karan sigari gare su. Ruwan yana zaune ne cikin wani ɗan kurtu, wanda masu sayarwa ke kira katirij, cike da zare mai kama da auduga. Nufin kamfanoni shi ne in ya ƙare a yar, a sayi sabo. Masu sha suka yi lissafi suka ga kwalbar ruwa ta fi araha nesa ba kusa ba. Sai dai bakin kurtun ƙarami ne, ga kuma bututun iska a tsakiyarsa wanda in ruwa ya shiga, zuƙa ɗaya za ta kai shi bakin mutum. Abin da zai iya bin gefen kurtun ya kai ruwa ƙasa, ya kuma auna mililita ɗaya daidai, shi ne sirinji. Haka kayan asibiti ya koma aljihun tebur.

Yau na'urori da yawa suna da ƙofar ɗuri mai faɗi, amma sirinji bai ɓace ba. Masu haɗa ruwansu da kansu da shi suke awo, masu son sake cika kurtun da aka rufe don amfani sau ɗaya kuma da shi suke huda toshiyar roba. Tun da Birtaniya ta haramta sayar da sigarin lantarki na sha-ka-yar daga ranar 1 ga Yunin 2025, kasuwarta ta karkata ga na'urorin da ake sake cikawa ko a sauya musu kurtu, wato kwalbar ruwa za ta ci gaba da zama a gidaje.

Abin da ke cikin kwalbar

Kafin nikotin ya yi suna a sigarin lantarki, manoma sun daɗe da saninsa a matsayin maganin kashe ƙwari. Kuma yana ratsa fata. Masu girbin ganyen taba da raɓa a jikinsa kan kamu da jiri da amai ba tare da sun zuƙi komai ba, don nikotin ya bi ta hannuwansu ya shiga jini. Wannan hali nasa ne ya sa ake yin filastar daina shan taba da ake mannawa a damtse.

A dubi lissafin. Karan sigari ɗaya yana ɗauke da nikotin kimanin miligiram 10 zuwa 12, amma abin da ke isa jikin mai sha bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, sauran wuta ke cinyewa ko ya bi iska. Kwalbar mililita 10 mai ƙarfin miligiram 20 a kowace mililita tana ɗauke da miligiram 200, duka a narke, a shirye. Masu haɗa ruwa a gida kan sayi mai kauri, mai miligiram 72 ko 100 a mililita, don su sirka. Ƙaramin cokalin shayi, wato mililita 5, na mai ƙarfin 100 ya kai miligiram 500.

Shekara da shekaru littattafan likitanci suna cewa miligiram 60 na iya kashe babba. A 2014 Bernd Mayer na Jami'ar Graz da ke Ostiriya ya bi diddigin wannan adadi, ya gano tushensa wasu gwaje-gwaje ne marasa inganci na ƙarni na 19, ya ce abin da ke kisa ya fi kusa da miligiram 500 zuwa 1,000. Masu kare sigarin lantarki sun yi murna da wannan bincike. To amma ko da ma'aunin Mayer aka bi, cokali ɗaya na ruwa mai kauri ya taɓo iyakar da ke kashe ƙato mai kilo 70. Ina ga yaro mai kilo 10, wanda ya ji ƙamshin mangwaro ko alewa yana tashi daga kwalba?

Alƙaluman Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka sun nuna inda abin ya dosa. Kiran da ake yi wa cibiyoyin agajin shan guba kan sigarin lantarki ya tashi daga guda 1 a watan Satumbar 2010 zuwa 215 a watan Fabrairun 2014, kuma fiye da rabin kiran a kan yara ne 'yan shekara 5 zuwa ƙasa.

Allurar kanta

Haɗari na biyu yana bakin sirinjin. Allurar asibiti an fiƙe ta ne don ta huda fata ba tare da wahala ba, ba ta kuma bambanta damtsen majiyyaci da yatsan mai riƙe da kurtu. Wanda ya riƙe abu mai kaurin fensir a hannun hagu yana cusa masa tsini da dama, kuskuren ƙiftawar ido ya isa. Ma'aikatan jinya sun san cewa mayar da murfin allura da hannu biyu na daga manyan hanyoyin da suke soke kansu, shi ya sa ake hana su.

Idan sirinjin sabo ne, abin tsoro shi ne rauni da nikotin a ƙarƙashin fata. Idan kuwa an taɓa yi wa wani allura da shi, magana ta canza. Sukar allurar da ta taɓa jinin mai ciwon hanta nau'in B na iya harbin wanda bai yi rigakafi ba da kashi 6 zuwa 30 cikin ɗari. A nau'in C kimanin kashi 1.8 ne, a ƙanjamau kimanin kashi 0.3.

Akwai kuma matsalar kauri. Gilisarin yana da yauƙi kamar zuma, ba ya son bin siririyar allura. Mai ɗuri ya danna, ruwa ya ƙi, ya ƙara ƙarfi, sai allurar da aka cusa kawai a bakin sirinji ta fice, ruwa ya fantsamo fuska da ido.

Ga wanda ya riga ya riƙe sirinji

Ka nemi allura mara tsini, mai yankakken baki, irin wadda ake ɗura tawada ko gam da ita. Ka zaɓi mai faɗi, lamba 14 zuwa 18, domin a ma'aunin allura ƙaramar lamba ita ce mai babban rami. Sirinjin ya zama mai bakin murɗawa, wanda allura ke ɗauruwa a kansa kamar noti. Kada ka taɓa amfani da wanda ya fito daga jikin mutum, ko da naka ne, kuma wanda ya taɓa ruwan nikotin kada ya sake kusantar akwatin magani. Iyaye da yawa da sirinji suke ba jariri maganin zazzaɓi a baki, kuma a cikin duhu biyun kamanninsu ɗaya.

Ka sa safar hannu ta roba, ka kare idonka da tabarau. Ka yi aikin a kan faranti da takarda a shimfiɗe, nesa da abinci, bayan ka tabbata babu yaro a ɗakin. Raba kurtun da batir, ka kafa shi a tsaye cikin wani abu da zai riƙe shi, yadda yatsunka ba za su kasance a gaban allura ba. Tura ruwan a hankali ta gefe. In ya ƙi tafiya, ka tsaya, ƙarfi ba ya gyara toshewa. Rufe kwalbar da zarar ka zuƙo abin da kake so, kafin ka yi komai, domin kwalbar da aka bari a buɗe "na minti ɗaya" ita ce ke jiran yaro.

In ka gama, ka wanke sirinjin da ruwa mai yawa a wurin da ba a wanke kwanuka, ka kulle shi tare da kwalbar a sama. Wanda ya ƙare aiki kuma ka jefa shi cikin jarka mai kauri mai murfin murɗawa, ka rubuta gargaɗi a jikinta, ka liƙe ta kafin ta cika, ka tambayi asibiti mafi kusa ko za su karɓa su haɗa da nasu.

Wannan batu na ƙarshe ya fi shafarmu. Sigarin lantarki ya riga ya shigo shagunan shisha da shafukan Instagram na Abuja da Kano da Legas. Sirinji mai tsini kuwa kowane kemis na unguwa yana da shi, ya fi mara tsini sauƙin samu. Sharar gidajenmu a fili take zubewa, inda 'yan bola-jari ke tona ta da hannu, kuma duk wanda ya tashi a unguwa ya san yadda yara ke tsintar sirinji su mai da shi bindigar ruwa, suna fesa wa juna a fuska.

Idan tsautsayi ya auku

Ruwan da ya zuba a fata a wanke shi nan take da sabulu, a tuɓe tufar da ta jiƙe. In ido ne, a riƙa kwarara masa ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15. In yaro ya sha, alamun farko su ne amai da dalalar yawu da gumi da bugun zuciya da sauri. In abin ya yi yawa sai zuciya ta yi sanyi, jijjiga ta biyo, numfashi ya gaza, kuma duk wannan na iya faruwa cikin sa'a guda. Mun saba da yaran da ke shan kalanzir da aka zuba a kwalbar lemo, mun kuma saba da ɗura musu manja ko madara. Manja ba ya karya nikotin, kuma tilasta amai na iya tura ruwan cikin huhu. A ɗauki yaron da kwalbar a nufi asibiti, kada a jira alama ta bayyana. Wanda allurar bola ta soka shi ma ya je asibiti a ranar, domin maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin sa'o'i 72 yake amfani.

Inda gyaran yake

Duk waɗannan ƙa'idoji sun dogara ne ga mutum ɗaya ya kasance a farke kullum, alhali ɗan Adam ajizi ne. Tarayyar Turai ta fahimci haka. Dokarta ta kayan taba ta 2014, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2016, ta ƙayyade ƙarfin nikotin kada ya wuce miligiram 20 a mililita, kwalbar ɗuri kada ta wuce mililita 10, kurtu kada ya wuce mililita 2, murfi kuma ya gagari yaro. Ta kuma shar'anta cewa dole ɗuri ya yiwu ba tare da yoyo ba: ko dai kwalbar ta zo da dogon baki na aƙalla milimita 9 wanda ba ya sakin fiye da ɗigo 20 a minti, ko ta haɗu da na'urar kai tsaye. Wato an mai da kwalbar ta yi aikin sirinji, babu tsini. Amurka ma, bayan mutuwar yaron Fort Plain, ta kafa dokar tilasta murfi mai gagarar yara, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Janairun 2016. Duk ƙasar da ta bar wannan kaya ya shigo kasuwarta tana iya neman waɗannan sharuɗɗa tun daga tashar jirgi, kuma babu ɗan kasuwar kirki da za su karya.

Na san wani mai karatu zai ce bayyana yadda ake ɗuri tamkar koyar da shan taba ne. Damuwarsa tana da tushe. Nikotin yana kama mutum kamun kazar kuku, kuma wanda bai fara ba babu abin da zai ƙaru da shi in ya fara. Amma shirunmu ba zai cire kwalbar daga ɗakin wanda ya riga ya saya ba. Matashin da ke tsoron a gani zai cusa ta ƙarƙashin katifa ko cikin takalmi, daidai tsayin ƙaninsa mai rarrafe. Uwar da ba ta san mene ne a ciki ba za ta ɓata rabin sa'a tana neman manja. Kuna iya ƙin sigarin lantarki iyakar ƙi, ku kuma yi wa ɗanku faɗa a kansa. Amma in akwai shi a gidanku, ku fara da tambayar inda kwalbar da sirinjin suke kwana.