Mai Son Rage Ƙiba Ya Fara da Gyara Barcinsa

Da yawa daga cikin 'yan'uwa, maza da mata, sun ɗauki aniyar rage ƙiba saboda tsoron hawan jini da ciwon suga. Aniya ce mai kyau, domin jiki amana ne. Sai dai hanyar da mafi yawanmu ke bi ita ce muke ganin da gyara a cikinta: mutum ya wuni da yunwa, ya kwanta barci ya ƙi zuwa, ƙarfe 12 na dare ta same shi a teburin mai shayi yana jiran indomi da ƙwai, ko uwargida tana ɗumama sauran tuwo. Da safe sai nadama, sai a ƙara tsananta yunwar.

Likitoci sun bayyana dalili. Idan barci ya yi ƙaranci, sinadarin da ke tayar da yunwa a jiki yakan ƙaru, wanda ke sanar da ƙoshi kuma ya ragu, sai rai ya riƙa kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa sama. Ga shi kuma shayi mai kauri da goro suna ɗauke da sinadarin da ke korar barci na tsawon awoyi, alhali da su muke raya hirar dare.

Shari'a ta riga ta tsara mana daren. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barza cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son hira bayan Isha'i, malamai kuma suka togace neman ilimi da abin da yake maslaha. A Talata Mafara, Isha'i ba ta wuce ƙarfe 8:30 duk shekara. Wanda ya ci abincinsa tsakanin Magariba da Isha'i, ya ajiye waya, ya kwanta ƙarfe 10, zai tashi Asuba da awa 7 a jikinsa. Hadisin Miƙdamu da Tirmizi ya ruwaito kuwa, wanda ya kasa ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, bai ce a bar cikin fayau ba. Wanda ya hana kansa abincin rana gaba ɗaya bashi ya ci, kuma da dare zai biya.

A nan muna jan hankalin masu azumin Litinin da Alhamis don rage teɓa. Su gyara niyya ta zama don Allah, ramar ta zo a matsayin riba. Su kuma dubi buɗa-bakinsu, domin ƙosai da kunun da aka cika wa suga, sannan tsire a tsakar dare, sukan mayar da duk abin da wunin ya rage.

Ɗaliban kwalejin Abdu Gusau da ke kwana karatu suna da uzuri lokacin jarrabawa, amma karatun bayan Asuba ya fi zama a kai, kuma ba ya tafiya da burodi da lemon kwalba.

Akwai waɗanda ba za mu haɗa su da masu hirar banza ba. A ƙauyukan Maradun da Bakura, mutane da yawa ba su runtsawa saboda fargabar 'yan bindiga, wasu kuma gadin gari suke yi. Su riƙi azkar ɗin kwanciya, irin tasbihin da aka koya wa Nana Faɗima (RA), su rama da ƙailula idan hali ya yi. In yunwa ta matsa da dare, ɗan nono marar suga ko 'yar gyaɗa ya fi soye-soye sauƙi.

Mai ciwon suga kada ya tsallake abinci sai da shawarar likita. Wanda rashin barcinsa ya ɗauki makonni, ko iyalinsa suka lura numfashinsa na ɗaukewa cikin minshari, asibiti ya kamata ya nufa. Kada ya sayi ƙwayar barci a kemis da ra'ayin kansa, domin wasunsu jiki yakan saba da su har ya kasa barci sai da su.