Fashin Makaranta: Asarar da Ba Ma Lissafawa

Duk lokacin da aka tashi maganar ilimi a Arewa, adadin yaran da ba sa makaranta ake kawowa, miliyan 10.5 a faɗin Nijeriya bisa ƙididdigar da UNICEF ta daɗe tana ambata. Amma akwai rukunin da ba ya shiga wannan lissafi: yaran da sunayensu ke cikin rajista, yau suna aji, gobe babu su. A ƙauyuka da dama, ranar kasuwa malami da bencina yake wuni. 'Yan mata sun ɗauki farantin talla, maza suna dako ko jan akuya zuwa kara. Da damina ga noman fari da maimai, da kaka ga yankan gero da roron wake.

Mu yi lissafi. Kwana 5 ake karatu a mako. Yaron da ke fashin ranar kasuwa kaɗai ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na karatunsa, wato fiye da shekara guda cikin shekara 6 na firamare. Asarar ma ta wuce haka, domin darasi kan darasi yake hawa. Wanda bai zo ranar da aka koyar da haɗa baƙi da wasali ba, idan ya dawo sai ya tarar ana karanta jimla. Ya yi shiru a bayan aji, a yi masa tambaya ya kasa, a yi dariya, gobe da kansa zai nemi hanyar zillewa. Haka fashi ke rikiɗewa ya zama barin makaranta, ga yarinya kuma sau da yawa aure ke biyo baya. Yaron da ke zuwa kullum kuwa idon malami na kansa. In ya rame ko zazzaɓi ya kama shi, akwai mai lura, ga abokan da yake wasa da su.

Za a ce talauci ne, da cinikin tallar ake cefane. Gaskiya ne, shi ya sa tarar naira 2,000 da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanada ga uban da ya maimaita laifin ƙin tura ɗansa makaranta ba za ta cika aji ba. Abin da zai yi aiki shi ne a daidaita hutu da lokacin girbi, a riƙe ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016 ba tare da yankewa ba, talla kuma ta jira a tashi. Za a kuma ce malamin ma ba ya zuwa, ko a tuna da ɗaliban Ƙanƙara da aka sace a 2020 da na Jangebe a 2021. Waɗannan haƙƙoƙi ne a wuyan hukuma, kuma dole ta sauke. Amma inda ake zaune lafiya, malami yana aji, uzurin ya ƙare.

Gyaran da ke hannunmu ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Hedimasta ya riƙa duba rajista kowace safiya, duk yaron da ya yi kwana 3 ba a gan shi ba a sanar da mai unguwa, a je gidansu a ji dalili. Iyaye, yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Ku tura su kullum, har ranar kasuwa.