NAZARI: Ranar da ɗaliban Ƙauran Namoda za su shiga dajin Dumburum su dawo lafiya

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta samu gindin zama a tsakanin matasan Abuja da Jos. Da sanyin safiyar Asabar sukan taru, mutum ashirin ko talatin, kowa da gorar ruwansa da takalmin tafiya, su bi jagora guda su hau dutse ko su gangara bakin tafki. Tun da hotunan tafkin Mpape, wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika a gefen Abuja, suka bazu a shafukan sada zumunta a 2020, harkar ta ƙara bunƙasa. A Jos kuwa duwatsun Shere sun daɗe suna karɓar irin waɗannan baƙi. Akan biya jagora ɗan abin da aka yi yarjejeniya, a yini a waje, kafin magariba kowa ya koma gida.

Matashin Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi yana ganin waɗannan hotuna a wayarsa kamar kowa. Daji ya fi kusa da shi fiye da ɗan Abuja, domin daga bayan garinsu yake farawa. Amma ba ya ko mafarkin shigarsa. A ƙauyuka da dama na yankin, manomi ma sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya taka gonar da ya gada daga kakansa.

Mai karatu zai iya cewa maganar yawon shaƙatawa a irin wannan wuri rashin ta ido ne. Yana da hujja. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna dubban yara a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, ta samu kusan ɗaya cikin kowane huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Wanda yunwa ta hana shi barci bai damu da kallon tsuntsaye ba. Sai dai tafiyar ayari cikin daji ma'auni ce. Duk dajin da mutanen da ba su riƙe da makami za su shiga da safe, bisa jagorancin ɗan gari, su fito da yamma ba wanda ya tare su, to akwai hukuma a cikinsa. Dajin da hakan ba ta yiwuwa, wani ne ke mulkinsa, ko me taswira ta ce.

Ayari, madugu da jagaba

Arewacin Zamfara ba ƙasar tsaunuka masu ƙanƙara ba ce. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai duwatsu jefi-jefi, da fadamu, da tafkunan da damina ke cikawa, da gulaben Gagare da Bunsuru da ke kwarara zuwa Rima. Lokacin da ta fi kyau shi ne ƙarshen damina da farkon kaka, sa'ad da ciyawa ta yi tsawo, ruwa bai janye ba. Ga kuma tarihi a kowace kusurwa: kufan birnin Kiyawa, wanda har yau sarautar Ƙauran Namoda ke ɗauke da sunansa, garin Zurmi na Alibawa, dangin Namoda, sadaukin jihadin ƙarni na 19 da aka raɗa wa Ƙaura sunansa, da tsohuwar tashar jirgin ƙasa inda layin dogo daga Zariya ya tsaya tun 1929.

Tafiya rukuni-rukuni ƙarƙashin jagora ba baƙon abu ba ne a nan. Da ita fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa ƙasar Hausa. Kowane ayari yana da madugu mai yanke hukunci, da jagaba mai tafiya a gaba don ya san hanya da zango da rijiya, da uban dawaki mai sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Bature ɗan Birtaniya Hugh Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. Bayansa, a 1853, Bajamushe Heinrich Barth ya biyo hanyar, ya kuma ba da labarin yadda ayarinsu ya ratsa dajin Gundumi, yamma da wannan yanki, cikin tafiyar fiye da kwana guda ba tare da yada zango ba, don tsoron mahara. Ke nan hatsarin daji ba yau ya fara ba. Abin da mutanen da suka yi shi ne suka gina tsari a kansa: sanin hanya ya zama sana'a, tsaron matafiyi ya zama alhakin mai ƙasa.

Har bayan da mota ta kashe fatauci da jakuna, sauran wannan tsari bai mutu ba. Akwai farautar gayya da rani ƙarƙashin sarkin dawa, akwai su a tafkuna bisa izinin sarkin ruwa, akwai makiyaya masu bin burtali daga mashaya zuwa mashaya, akwai mata masu tsintar kaɗanya da ɗorawa. Kowannensu yana riƙe da wani yanki na taswirar dajin a kansa.

Yadda dajin ya suɓuce

Tun zamanin Turawa aka keɓe babban gandun da ke gabashin Zurmi, wanda daga baya ya zama makiyaya bayan dokar gandun kiwo ta Jihar Arewa ta 1965. A cikinsa ƙauyen Dumburum yake, wanda a yau sunansa kaɗai kan sa gaban mutum ya faɗi. A yamma da Shinkafi kuma ga dajin Sububu. A da akwai malaman daji masu sintiri, masu ba da takardar saran itace, masu sanin iyakar gona da ta makiyaya. Wannan aiki ya yi ta lalacewa shekara bayan shekara, har ya zama suna kawai.

Masu bincike da dama sun nuna cewa bayan komawa mulkin farar hula a 1999 an yanka sassan gandun daji da na kiwo an raba wa manoma da masu hannu da shuni, an toshe burtali, rugage suka rasa wurin zama. Satar shanu ta ƙaru, 'yan sa-kai suka ɗauki doka a hannunsu suna kashe wanda suke zargi a tsakiyar kasuwa, ramuwar gayya ta biyo baya, makamai suka kwararo ta kan iyakar Nijar. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Mohammed Abubakar ya jagoranta a 2019 ya ƙiyasta cewa daga 2011 an kashe fiye da mutum 6,000 a jihar, yara kusan 25,000 suka zama marayu.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk mai bin labarai. A watan Mayun 2019 mahara suka kutsa makarantar 'yan mata ta Moriki. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, ciki har da ta Shinkafi wadda ke tara dabbobi daga Najeriya da Nijar. A Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. A Afrilun shekarar gwamnatin jiha ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin alaƙa da su. Bello Turji ya mai da yankin Fakai hedikwatarsa. A 2025 kuma aka kashe fiye da mutum 30 daga cikin waɗanda aka sace a ƙauyen Banga na Ƙauran Namoda, bayan danginsu sun biya kuɗin fansa.

Jagora ya zama abin zargi

Akwai asarar da ba a cika lissafawa ba. Sanin daji, wanda a da abin alfahari ne, ya koma abin tsoro. Wanda ya san hanyar Sububu a yau, ko dai 'yan bindiga su tilasta masa yi musu jagora, ko jami'an tsaro su tsare shi da tambayar yadda aka yi ya sani, ko maƙwabta su kira shi infoma. Bahaushe ya ce da ɗan gari kan ci gari, kuma 'yan bindiga sun riga gwamnati fahimtar wannan karin magana. Suna biyan masu kai musu bayani, suna sayen man fetur da burodi da magani daga hannun mutanen da talauci ya rufe wa kowace ƙofa.

Sakamakon haka shi ne hukuma na kallon dajin daga sama, su kuwa suna taka shi da ƙafa. Daga sama ba a bambance ɗan sa-kai da ɗan fashi. A Janairun 2025 wani harin jirgin yaƙi a Tungar Kara, tsakanin Zurmi da Maradun, ya faɗa kan mutanen da suka fito bin sawun mahara, rahotanni suka ce aƙalla 16 sun mutu. Ga kuma tsofaffin mafarauta da makiyaya suna ƙarewa a sansanonin gudun hijira da unguwannin bayan gari a Ƙaura da Gusau. Yaron da aka haifa a 2012 ya kai munzali bai taɓa zuwa farauta ko su ba. Ilimin da ba a rubuta ba, in mai shi ya mutu, ya tafi ke nan.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Gaggawar kai baƙi daji kafin ya amintu ganganci ne, kuma Nijar ta ɗanɗana. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a gandun raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da jagoransu ɗan yankin. Shekara guda kafin nan an sace Faransawa biyu a gandun Panjari na ƙasar Benin, aka kashe jagoransu. A duka biyun, jagora ɗan ƙasa yana cikin waɗanda suka rasa ransu.

Amma akwai ɗaya fuskar. A Kolombiya, bayan yarjejeniyar sulhu ta 2016, wasu tsofaffin mayaƙan ƙungiyar FARC a lardin Kaketa sun ajiye bindiga suka koyi tuƙa kwalekwale, suka zama masu kai baƙi yawo a kogin da suka taɓa yaƙi a bakinsa, har suka wakilci ƙasarsu a gasar duniya a Ostiraliya a 2019. A Ruwanda, wanda zai bi jagora ya ga gwaggon biri a tsaunuka yana biyan dala 1,500, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandunan ƙasar na komawa ga ƙauyukan da ke kewaye. Zamfara ba Ruwanda ba ce, babu baƙon da zai zo da dala. Darasin dai shi ne mutum yakan tsare abin da yake ci daga gare shi, kuma sanin daji kan iya ciyar da mai shi ta hanyar halal idan aka buɗe masa ƙofa.

Tambayoyin da suka kamata

A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da sababbin gandunan ƙasa guda 10, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da Baturiya a Jigawa. Babu ko ɗaya a Zamfara. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara su fiye da 2,600. A Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa dakarun tsaron gandun daji don kula da dazuzzuka 1,129 a faɗin ƙasa. Duk waɗannan matakai suna magana ne kan wanda zai riƙe bindiga. Ba a ji sosai ana maganar abin da zai faru washegarin da aka kori 'yan bindiga daga wani daji ba. An sha korarsu tun farmakin Harbin Kunama na 2016, suna dawowa, saboda wurin da soja ya bari ba wanda ya zauna a cikinsa.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, akwai tambayoyin da matasan yankin za su iya ajiyewa a gaban duk mai neman ƙuri'arsu. Ina taswirar gandunan jihar, da sunayen waɗanda aka ba filaye a cikinsu tun 1999? Nawa aka ware wa sashen gandun daji a kasafin bana, nawa aka saki? Su wa za a ɗauka aikin tsaron daji: 'ya'yan Hausawa da Fulanin da suka tashi a bakinsa, ko yaran 'yan siyasa? Wace kariya doka ta tanadar wa wanda ya taimaki hukuma da saninsa? Wane burtali aka sake buɗewa, wace mashaya aka gyara? Kuma wa zai zauna da tsofaffin mafarauta da arɗo-arɗo ya rubuta sunayen tafkuna da hanyoyi kafin su ƙare? Wannan na ƙarshe ba ya jiran gwamnati. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana da ɗalibai da malaman da za su iya fara shi da waya da littafi.

Komawa daji yana da tsari, kuma mai yawon buɗe ido ne na ƙarshe a layi. Manomi zai fara, ya yi shuka ya girbe bai biya kowa ba. Sai makiyayi ya bi burtalinsa, babu mai ƙwace masa shanu, babu mai kashe shi don ƙabilarsa. Sai mace mai tsintar kaɗanya, sai masunci, sai ɗan kasuwar da zai tashi daga Ƙaura ya isa Shinkafi ko Jibiya ba tare da rakiyar soja ba. Bayan su ne malamin makaranta zai iya rubuta wa iyaye takarda cewa ranar Asabar zai kai 'yan ajinsa bakin tafki, su kuma sa hannu.

Jami'ai sukan auna nasara da yawan waɗanda aka kashe da bindigogin da aka kama, alƙaluman da talaka ba shi da hanyar tantancewa. Takardar malamin nan kuwa kowa zai iya gani da idonsa. Ranar da uwa a Zurmi ta amince ɗanta ya bi ayarin 'yan makaranta zuwa Dumburum, ta ɗora tukunyar tuwon dare da rabonsa a ciki, ranar ce za a ce Zamfara ta karɓi dajinta.